TARIHIN HOKUSAI, TSOHON DA YA ZANA ƘASAR JAPAN

In aka ambaci Japan a nan ƙasar Gumel, ƙarfe ne ke fara faɗowa a ran mutum: babur Honda ko Suzuki ko Yamaha, da Toyotar da ke ɗaukar fasinja daga Maigatari zuwa Kano. Ɗan kasuwa zai ƙara da cewa Japan tana cikin ƙasashen da ke sayen riɗin Nijeriya, irin wanda ake nomawa a Gagarawa da Sule Tankarkar. Yara kuwa su ce katun ɗin da suke kallo a wayar yayyensu. To, mutanen da kansu fa? Yaya kakanninsu suka rayu tun ba a ƙera injin ko ɗaya a ƙasar ba, me suke ci, wace sana'a suke yi, me suke tsoro? Akwai mutum guda da ya bar amsar wannan a takarda. Ya yi shekara saba'in yana zana mutanen ƙasarsa da alƙalamin gashi da tawada. Sunan da duniya ta san shi da shi Katsushika Hokusai.

An haife shi a shekarar 1760 Miladiyya, watau 1174 Hijiriyya, shekara shida ke nan bayan haihuwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Garinsu Edo, wanda yanzu ake kira Tokiyo, a wata unguwa da ke gabas da kogin Sumida. Birnin a lokacin yana da mutane kimanin miliyan ɗaya. Sarkin gargajiya yana zaune a Kiyoto, amma ikon ƙasa yana hannun shugaban mayaƙa da suke kira Shogun, daga gidan Tokugawa, waɗanda suka riƙe mulki daga 1603 zuwa 1868. Tun daga wajen 1639 suka kulle ƙasar. Ɗan ƙasa ba ya fita, baƙo ba ya shiga. Cikin Turawa mutanen Holan kaɗai aka bari su yi ciniki, su ma an killace su a wani ɗan tsibiri, Dejima, a tashar jiragen ruwa ta Nagasaki, inda 'yan kasuwar Sin su ma suke sauka. Ka riƙe wannan, domin za mu koma kansa.

Sunansa na yaranta Tokitaro. Ya tashi a hannun wani mai sana'ar madubin ƙarfe, Nakajima Ise, wanda ke yi wa gidan Shogun aiki. Shi da kansa ya ce tun yana shekara shida yake zane. Da ya ɗan tasa sai ya kama aiki a shagon da ake ba da hayar littattafai, daga nan wajen shekara goma sha huɗu ya koma koyon sassaƙa allunan ɗab'i. A nan sai mun tsaya, don in ba ka fahimci wannan sana'a ba, ba za ka fahimci mutumin ba.

Ka ɗauki hatimi a ranka, amma mai faɗin allon karatu. Mai zane zai yi zanensa a siririyar takarda. Masassaƙi ya manna ta a kife a kan allon wani itace mai tauri da suke kira sakura, ya bi layukan da wuƙa, ya kwashe duk inda ba layi, ya bar zanen ya yi tudu. Takardar asali ta tafi ke nan, wuƙa ta cinye ta. Sa'an nan mai bugawa ya shafa tawada a allon, ya ɗora takarda, ya goga bayanta da wani ɗan faifai da hannunsa. Ba inji ko kaɗan. Kowane launi da allonsa dabam, sai takarda guda ta hau allo bakwai ko goma, kuma dole kowane launi ya faɗa daidai gurbinsa. A saman su duka akwai mai jari, wanda ke biyan kuɗin aiki ya sayar. Tawadarsu baƙa kuwa da baƙin hayaƙi da danƙo ake haɗa ta, ba ta yi nisa da tamu ta gawayi da ƙaro ba. Da wannan dabara hoto ya daina zama kayan attajirai kaɗai. Ana buga shi ɗaruruwa, dubbai, ɗan dako ma ya saya ya manna a bango.

A 1778 ya shiga hannun wani shahararren mai zane, Katsukawa Shunsho, malamin ya raɗa masa suna Shunro, shekara ta zagayo aka fara buga aikinsa. Abin da gidan ya ƙware a kai shi ne hotunan 'yan wasan kwaikwayo. Irin waɗannan hotuna sunansu ukiyo-e, ma'anarsa hotunan duniya mai shawagi. Asalin kalmar a bakin masu addininsu tana nufin duniya mai gushewa, gidan baƙin ciki, sai mutanen birni suka juya ta ta koma duniyar shagali. Bayan mutuwar malamin ya rabu da gidan, ana cewa korarsa aka yi saboda yana leƙa wasu makarantun zane yana ɗaukar karatu. Ya koyi salon Sin, ya koyi tsohon salon Japan, ya kuma samu hotunan Turawa da ke shigowa ta Nagasaki, ya ga yadda suke ƙanƙanta abin da ke nesa su girmama na kusa har takarda ta yi zurfi.

Sunaye kuwa ya canja fiye da talatin. Al'adarsu ce mai sana'a ya sake suna in ya shiga sabon mataki, amma nasa ya yi yawa, har yakan bar wa almajiri tsohon sunan ya ɗauki wani. Hokusai, wanda ya ɗauka a ƙarshen shekarun 1790, yana nufin ɗakin aiki na arewa, saboda tauraron arewa. Mu da shi matafiyi ke gane gabas da yamma cikin dare. Shi kuwa, da yake addinin Buda yake bi, girmama shi yake yi irin ta bauta. Da ya cika sittin ya ɗauki sunan da ke nufin ya koma ɗan shekara ɗaya, don a lissafinsu zamani yana zagayowa ne duk shekara sittin.

Yana da son a yi mamakinsa. A 1804, shekarar da Shehu ya yi hijira zuwa Gudu, ya shimfiɗa takardu a farfajiyar wani ɗakin bauta a Edo, ya ɗauki abu kamar tsintsiya da bokitan tawada, ya zana fuskar da sai an hau sama ake gane ta. Ya maimaita a birnin Nagoya a 1817, a takarda mai tsawon kimanin mita 18. Ana kuma ba da labarin ranar da aka kira shi gasar zane a gaban Shogun. Wai ya ja shuɗin launi a doguwar takarda, ya kamo zakara ya tsoma ƙafafunsa a jan launi, ya sake shi ya bi ta kai, sa'an nan ya ce wannan kogin Tatsuta ne da jajayen ganyen kaka suna bin ruwa. Labarin ya yi daɗi da yawa, amma ya dace da halin mutumin.

Abin da ya fi wannan amfani a gare mu shi ne littafin da aka fara bugawa a Nagoya a 1814, mai suna Hokusai Manga. An yi shi ne don masu koyon zane su kwaikwaya, sai ya samu kasuwa, aka yi ta ƙara juzu'i har goma sha biyar, na ƙarshe ya fito a 1878, bayan mutuwarsa da daɗewa. Zane kusan dubu huɗu ne a ciki. Ka ƙaddara mutum ya zauna a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, tun hantsi har la'asar, ya zana dillali yana rantsuwa, da raƙumi yana durƙusawa, da mai fura tana dama, da yaro yana kokawa da akuya, da maƙeri, da wanda barci ya sace a gindin buhu. Haka littafin yake. Akwai 'yan kokawa masu ƙiba da ramammu, masu sussukar shinkafa, masu wanka, masu iyo, makafi suna laluben giwa, kifaye, ƙwari, gadoji, kayan sassaƙa, har yadda ruwan sama ke sauka in da iska da in babu. Da a ce wani ya yi mana irin wannan a kasuwar Gumel lokacin da Bature Barth ya ratsa garin a 1851, da yau muna da babbar taska. Kalmar manga a bakinsa tana nufin zane barkatai, duk inda alƙalami ya nufa. Ita ce yanzu sunan littattafan labarin zane na Japan, waɗanda ake ciro katun da yawa daga cikinsu, ko da yake nasa ba labari ne mai bin juna ba.

Wani zai ce, Malam, ina hukuncin zanen mai rai? Tambaya ce a wurinta. Malamanmu na Malikiyya sun raba tsakanin mutum-mutumi mai inuwa da abin da ke shimfiɗe a takarda, ba su yi musu hukunci ɗaya ba, zanen dutse da ruwa da itace kuwa jumhurun malamai ba su ga laifinsa ba. Tafsilin yana littattafan fiƙihu. Abin da zan ƙara kawai, cikin ayyukan wannan mutum akwai na batsa, kamar yadda akasarin masu zanen zamaninsa suka yi don kasuwa. Ɗalibin da zai nema a intanet ya rubuta sunan aikin da yake so, kada ya saki linzami.

Yana dab da saba'in masifu suka taru masa. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi, ya yi wa kansa magani ya tashi. Matarsa ta biyu ta mutu a 1828. Ga wani jika ɗan caca da ya yi ta cin bashi ana zuwa wurin tsoho a karɓa. A cikin wannan hali, tsakanin 1830 da 1832, lokacin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana kan gado a Sakkwato, ya fitar da aikin da ya ɗaukaka sunansa, watau hotuna talatin da shida na dutsen Fuji. Da suka samu karɓuwa mai jarin, Nishimuraya Yohachi, ya sa aka ƙara goma, suka zama arba'in da shida, suna bai canja ba.

Mu mutanen jigawa da rairayi sai mun yi ƙoƙari kafin mu hango Fuji a zuci. Wanda ya je Kano ya san yadda Dala ke leƙo mutum ta tsakanin gidaje. To, wannan tsayinsa mita 3,776, shi ne mafi tsawo a Japan, dutse ne mai aman wuta wanda rabonsa da yi tun 1707, kansa fari fat da ƙanƙara mafi yawan shekara, kuma ana hango shi daga Edo in gari ya washe. Mutanen ƙasar suna tsarkake shi, a lokacin akwai ƙungiyoyin masu tara kuɗi su tura wakilai su hau shi ziyara, su ne ma wani sashe na masu sayen hotunan.

Hikimar Hokusai ita ce a yawancinsu dutsen ɗan ƙarami ne can baya, gaba kuwa talaka ne da aikinsa. A ɗaya, mai haɗa ganga yana durƙushe cikin wata ƙatuwar ganga da ba a sa mata gindi ba, ta cikin da'irarta kake hango Fuji kamar ɗan tsinin dawo. A wani, masu tsaga katako, ɗaya a saman gungume ɗaya a ƙasa, na uku yana wasa zarto. A wani iska ta taso a hanya, ta kwashe takardun wata mata ta watsa sama, ta fizge malafar wani, kowa ya duƙa ya dafe kansa, dutsen kaɗai bai motsa ba. Akwai masunci a kan tsinin dutse yana jan igiyoyi, akwai injin niƙa da ruwa ke juyawa. Daga nan za ka san ƙasa ce ta katako da takarda da shinkafa da kifi, ta mutanen da ke tafiya a ƙasa da takalmin ciyawa, kaya a kafaɗa ko a bayan doki.

Sai wanda ya fi duka suna, babbar igiyar ruwa ta gaɓar Kanagawa. Ƙarami ne, faɗinsa bai kai santimita arba'in ba. Teku ta miƙe tsaye ta ɓangaren hagu, ta lanƙwaso, bakinta ya rarrabu kamar farata. A ƙarƙashinta jirage uku dogaye, matuƙa sun kifa a kan filafilansu. Jiragen gaggawa ne masu kai ɗanyen kifi kasuwar Edo, don haka waɗannan mutane neman abinci ne ya fito da su, kamar mai kawo mana kifi daga Haɗeja. Can tsakiya Fuji ya tsuguna, har za ka ɗauka shi ma igiya ce, feshin ruwa yana sauka a kansa kamar ƙanƙara.

A nan kai mai karanta ajami kana da wata fa'ida. Mutanen Japan a wancan zamani rubutunsu daga sama yake saukowa ƙasa, layuka kuma suna tafiya daga dama zuwa hagu, littafinsu ta inda muke buɗe namu na Larabci ake buɗe shi. Wanda ya saba da boko idonsa ta hagu yake shiga hoton, sai ya bi bayan igiyar kamar abokin tafiyarta. Kai kuwa fara ta dama, yadda kake fara allonka. Za ka ga ka shiga jirgi tare da masuntan, ruwan kuma a gabanka yake, yana zuwa. Gwada ka gani, hoton yakan canja. Har yau littattafan manga ta dama ake fara su.

Shuɗin ma yana da labari. Suna da babansu na rini kamar yadda muke da namu a karofi, kuma a wani littafin da ya biyo baya ya zana Fuji ta tsakanin dogayen ƙyallaye da marina suka shanya, hoton da duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Mata zai gane. Amma shuɗin da ya fi ƙarfi a igiyar nan na kanti ne. A birnin Berlin na Jamus aka fara haɗa shi a farkon ƙarni na 18, ya shigo ta Nagasaki a jiragen Holan da na Sin, ya yi araha a daidai wannan lokaci, ba ya kuma koɗewa da wuri. Ka ga ƙasar da aka kulle, ga launin Jamus da dabarar zurfi ta Turawa a hoton da ya zama tambarinta. Kuɗinsa a lokacin bai wuce na kwano biyu na taliya ba.

A 1834 ya fara fitar da wani littafin, Fuji ta fuska ɗari, ya sa hannu da sabon suna mai ma'anar tsohon da zane ya haukata. A ƙarshen juzu'in farko ya yi ɗan bayani a kan kansa. Taƙaitawarsa, duk abin da ya zana kafin saba'in bai ɗauke shi a bakin komai ba, sai a saba'in da uku ya ɗan fara gane ƙirar tsuntsu da kifi da tsiro, yana kuma fatan ya wuce ɗari don a lokacin ne ɗigon alƙalaminsa zai yi rai. Mutumin da ya riga ya zana igiyar nan ke faɗin haka.

Zamansa na gida kuwa ba abin koyi ba ne. Ana cewa ya yi ƙaura sau 93, wai in ɗaki ya cika da datti sai ya tattara ya bar shi maimakon ya share. Ba ya shan giya, ba ya shan taba, sai son kayan zaƙi. Kuɗi in an kawo a ƙunshe yakan miƙa wa mai bin bashi ba tare da ya kwance ba. 'Yarsa Oi, wadda aurenta ya mutu ta dawo gida, ita ta zauna da shi har ƙarshe. Ita ma gwanar zane ce, masana suna ganin hannunta a wasu ayyukan tsufansa, kuma ba ta fi uban son shara ba. Wajen 1834 bashin jikan nan ya sa ya ɓuya a garin Uraga da sunan aro. Ya dawo ya tarar da yunwar da ta addabi ƙasar a shekarun 1830, kasuwar littafi ta mutu. A 1839 gobara ta cinye gidansa da zane-zanen da ya tara tun yana saurayi. Alƙalumansa ya fita da su.

Bai ajiye ba. Ya rage aikin ɗab'i ya koma zane da hannu a takarda da siliki. Yana da shekara tamanin da 'yan kai ya yi tafiyar fiye da kilomita ɗari biyu zuwa garin Obuse cikin duwatsu, wurin wani attajiri almajirinsa, Takai Kozan, ya zana rufin keken bikin garin, aikin yana nan har yanzu. Ya mutu a unguwar Asakusa ran 10 ga Mayu 1849, watau 1265 Hijiriyya, yana da shekara 88, ko 90 a lissafinsu, don su jariri da shekara ɗaya yake zuwa duniya. An ruwaito cewa a kan shimfiɗar mutuwa ƙarin shekara goma yake roƙo, ko biyar ma, wai don ya zama mai zane na gaskiya.

Shekara huɗu bayan haka, a 1853, jiragen yaƙin Amurka suka tsaya a bakin Uraga, garin da ya taɓa ɓuya, suka tilasta wa Japan buɗe ƙofa. Hotunansa suka bi jirage zuwa Turai. Masu zanen Faransa irin su Monet suka yi ta tara su, Van Gogh ɗan Holan ya yaba igiyar a wasiƙunsa, salon zanen Turai kansa ya juya. A 2016 aka buɗe gidan tarihi da sunansa a Sumida, unguwar da aka haife shi. A 2020 aka sa hotunan Fuji a shafukan fasfon ƙasar. A 2023 an sayar da bugu guda na igiyar a birnin New York a kan dala miliyan 2 da dubu 760. A watan Yuli na 2024 kuma aka buga ta a bayan sabuwar takardar yen 1,000, mafi ƙanƙanta a takardun kuɗin Japan, wadda ɗan makaranta ke miƙawa a ba shi kwanon taliya.